Tallafin Karatun Ɗan Fari

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In yana son in miƙo masa buta, sai ya dubi bango ya ce, "Wai babu kowa ne a gidan nan?" In kuwa ƙannena suna kusa, sai ya ce da ɗaya daga cikinsu, "Ka ce wa wancan ya ɗaure maraƙin," alhali ina tsaye a gabansa, inuwata har tana taɓa ƙafarsa. Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Mai'adua kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Mutanen cikin gari sun daɗe da sassauta wa kansu, amma mu da muka tashi a gindin shanu mun riƙe ta da hannu biyu. Mahaifiyata ma haka take. Ina shigowa gida za ta sami abin dubawa a cikin tukunya.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don na san ba ita ba ce. Haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a danginmu, kuma duk mutumin da ya kama hannun ɗansa na fari ya ratsa kasuwa da shi, ranar sai an yi da shi a gindin kowace bishiya. Ni ma ban taɓa ce masa Baba ba. Malam nake ce masa, yadda abokan hulɗarsa na kara, wato kasuwar shanu, suke kiran sa, shi ɗin ma sai ya zama dole.

Ana yaye ni Baffa, yayan mahaifina, ya zo ya saɓa ni a kafaɗa ya tafi da ni. Gidan Baffa yana tsallaken iyaka ne, cikin ƙasar Nijar, ko da yake in ka tsaya a bakin garkenmu da hantsi kana hango kukar ƙofar gidansa. Babu wanda ya taɓa nuna mini inda iyakar take. Awakinmu su ci ciyawa a Najeriya su sha ruwa a Nijar, ba mai tambayar su takarda. Baffa mutum ne mai surutu da son yara, shi kuma Allah bai ba shi namiji ba, saboda haka duk son da aka hana mahaifina ya nuna mini, shi ya nuna shi har ya yi yawa. Da na isa shiga makaranta ya kawo ni ta wannan ɓangaren, don ita ta fi kusa. Hedimasta ya tambayi sunan uba, Baffa ya faɗi nasa ba tare da ya ko yi tunani ba. Da wannan sunan na yi firamare, da shi na yi sakandare a Daura, da shi na tafi kwaleji na yi shekara biyu ina karatun difloma a kan lafiyar dabbobi.

Baffa ne ya ɗauki nauyin duk wannan, da gyaɗarsa da ragunansa. Ina zangon ƙarshe a kwaleji ciwon ciki ya kwantar da shi, kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Sakamakona ya fito da kyau, wanda zai yi murnar kuwa ba ya nan.

Da wannan sakamakon jami'a ta ɗauke ni, kuma ba daga aji ɗaya ba, kai tsaye aka sa ni aji biyu. Ranar da na ga sunana sai na ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Abin da nake so tun ina yaro ke nan: in san ciwon saniya tun kafin ta kwanta. Na taɓa ganin shekarar da ciwon huhu ya shiga garkenmu ya share shanun mahaifina, ya bar shi da sanda da igiyoyi. Tun daga nan shanun mutane yake kiwo, ranar Lahadi kuma ya je kara ya tsaya a bayan dillalai ya sami na cefane. Don haka maganar ya biya mini jami'a ma ba ta taso ba. Abin da ya rage mini ɗaya ne, tallafin karatu da gwamnati ke ba 'yan asalin jiha. In na same shi in yi rajista in kama ɗaki, in ban same shi ba kuwa gurbin ya tafi, don jami'a ta ce duk wanda bai yi rajista ba kafin gwajin farko ya ɗauki jakarsa.

A nan na fara gane cewa mu da muka shigo ta tsakiya babu wanda ya yi shiri da mu. Waɗanda suka fara daga aji ɗaya, ma'aikatan tallafi sun bi su har jami'a sun tantance su tun bara. Tsofaffin ɗalibai kuwa layi kawai suke bi su karɓa. Na shiga ofishin tallafi na yi sallama, wani ma'aikaci ya ɗago kai.

"Sabon ɗalibi ne?"

"E to, bana na zo, amma aji biyu nake."

"To ai tsoho ne kai. Ina lambarka ta bara?"

"Bara ina kwaleji."

Ya dube ni kamar na zo masa da wata fitina da gangan. Ya kira na kusa da shi suka yi shawara, daga ƙarshe suka yanke cewa irinmu, tunda ba mu da fayil a ko'ina, sai mu koma ƙananan hukumominmu, akwai kwamitin da zai zagaya ya tantance mu, daga nan a buɗe mana. Na tattara na hau mota na dawo gida, karatu kuwa an riga an fara.

Shekarun farko na shari'a ne lokacin, kowa yana ji da gaskiya da amana, ko mai awo a kasuwa sai ya rantse maka mudunsa cikakke ne. Kwamitin ma da wannan zafin ya zo. Aka ce an gaji da takardun asali na saye, musamman a garuruwan bakin iyaka, inda ake zargin mutanen tsallake suna shigowa su ci rabon 'yan ƙasa. Saboda haka bana takarda kaɗai ba ta isa ba. Kowane ɗalibi ya zo da ubansa, uban ya faɗa da bakinsa, a gaban liman da mai unguwarsu, cewa wannan ɗansa ne. Mutane suka yi ta yabawa, ni ma na yaba. Me ya fi wannan sauƙi? Ubana yana raye, an haife shi a nan, kakansa ma a nan aka binne shi.

Sai da na kama hanyar ƙauye a kan acaɓa sannan abin ya faɗo mini. Mai unguwarmu ai Kaka ne, mahaifin mahaifiyata, wato surukin mahaifina. Mutumin da in mahaifina ya hango shi a hanya yake ratsewa cikin gona, in kuma babu wajen ratsewa ya tuɓe takalmi ya durƙusa har sai ya wuce.

Farkon wahalar ma ita ce yadda zan sanar da mahaifina. Na nemi ƙanwata, 'yar lelensa, wadda ita kaɗai ke iya hawa tabarmarsa ta zauna. Muka same shi da la'asar yana tufkar igiya. Na tsuguna daga nesa kaɗan, ita ta zauna a tsakaninmu.

"Baba, wai Yaya ya ce ana neman ka a sakatariya."

"Da aka yi me?"

Ta juyo ta dube ni. Na yi bayani da ƙarfi yadda ko na bayan danga zai ji, ita kuma ta juya ta maimaita masa tun daga farko, kamar da wani yare na yi maganar.

"Wai tambayar ka kawai za a yi ko shi ɗin naka ne, sai ka ce e. In ba ka faɗa ba, wai karatun ya lalace."

Bai daina tufka ba. Can ya ce, "Ki ce Allah ya kai mu."

Daga nan na wuce wajen Kaka. Shi kam tsakanina da shi babu kunya, sai tsiya.

"Kai, ɗan nema, me ya kawo ka? Matar tawa ka biyo?"

"Na bar maka ita, tsoho, ta yi mini tsufa. Alfarma na zo nema."

Na roƙe shi ranar tantancewa ya yi zamansa a gida ya aika wakili. Ya buɗe baki yana kallo na.

"Gwamnati ta kira mai unguwa, ni kuma in aika yaro? Rawanin nan tun salla ban naɗa shi ba."

"Ka san Malam ba zai iya buɗe baki a gabanka ba."

"To ai shi ya sa na ba shi ɗiyata," in ji shi, ya fashe da dariya har da tari.

Ni ban yi dariya ba. Na yi ta magiya, shi kuma ya yi ta ce mini in kwantar da hankalina, ai shi zai yi magana, wa ya isa ya musa wa mai unguwa a kan jikansa.

Ranar da aka sa, na fito na tarar mahaifina ya riga ni shiri. Ya sa farar rigarsa ta zuwa idi, ya ɗora hula, har da turare. Ban taɓa ganin ya yi wa wani abu nawa kwalliya ba. Wallahi sai na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina ashe dai zai yi. Bai yarda mun hau babur ɗaya ba, shi ya yi gaba, ni na biyo baya.

A wani babban ɗaki aka yi zaman, cikin sakatariya. Shugaban kwamitin wani dattijo ne mai tabarau da sanyin murya, liman yana damansa, magatakarda yana hagunsa, masu unguwanni sun jeru a kan benci a gefe, Kaka a cikinsu da rawaninsa kamar zai taɓa silin. Aka fara kira. Iyaye suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗa ba wata wahala. Wani mai shago daga cikin gari ma da aka tambaye shi sai ya dafa kan ɗansa ya ce, "Nawa ne, ni na haife shi, ku dubi kunnen mana," ya shiga ba da labarin ranar suna har sai da aka ce ya isa. Ana ta dariya. Ni kuwa ina kallon yaron nan ina jin wani abu mai kama da hassada yana ci na.

Aka kira ni. Na tashi na je gaban tebur na tsaya. Mahaifina ya shigo, yana ɗaga ido ya ga Kaka, nan take ya koma baya ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa a wajen.

"Baba, matso kusa mana, ga kujera," in ji shugaban.

Ya matso kaɗan a durƙushe, kujerar kuwa ko kallon ta bai yi ba.

"Wannan yaron, ka san shi?"

"Ina dai ganin shi a gida."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shugaban ma ya murmusa.

"To, ɗanka ne?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai yana zane a kan siminti da ɗan yatsa. Kaka ya gyara murya daga kan benci ya ce, "Jikana ne wannan, ɗan ɗiyata ne, a gabana aka yanka ragonsa."

"Mun ji, ranka ya daɗe," in ji shugaban, "amma asali ta wajen uba ake bin sa. Takardun yaron nan sunan wani ne a kansu, kuma an ce mana mai sunan mutumin tsallake ne. Shi ya sa muke son mu ji daga bakin wannan bawan Allah." Ya juyo wajena ya rage murya. "Ɗan fari ne kai ko?"

Na ce e.

"Na sani. Ni ma shi ne. Har tsohona ya koma ga Allah sunana bai wuce 'kai' ba."

Mutumin nan ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan zalunce shi ba. Ya roƙi Kaka ya ɗan kau da kai, Kaka ya ja amawali ya rufe fuska har ido, aka sake yin dariya. Liman ya sa baki cikin lallami, ya ce, "Malam, ai babu kunya a wajen shaida. Addini bai hana mutum ya ce ɗansa nasa ne ba, ɓoye shaidar ma shi ne abin tsoro." Shugaban ya ce ba sai ya yi dogon bayani ba, kalma ɗaya ta isa.

Ina tsaye ina kallon ƙeyar mahaifina. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Na ga ya buɗe baki ya rufe. A raina ina ta cewa, faɗi mana, don Allah faɗi, sau ɗaya dai a duniya. Can ya yi magana, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ban san shi da ita ba.

"Ai na wajen Yaya ne."

Na ji ƙarar alƙalamin magatakarda a kan takarda.

"Yayan naka yana ina?" in ji liman.

"Allah ya yi masa rasuwa."

"A ina?"

"Can gidansa, tsallake."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Shugaban ya cire tabarau ya murza ido, sannan ya ce da ni, "Ka ji da kunnenka. Wallahi na san ubanka ne, ga hanci nan iri ɗaya. Amma rantsuwa na yi cewa abin da aka faɗa a gaban shaidu shi zan rubuta, ba abin da na sani ba. In na yi maka, gobe wani zai kawo mini ɗan tsallake na gaske ya ce shi ma kunya ce. Muna nan har ƙarshen mako, daga nan mu wuce Dutsi. In ya iya, ku dawo."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. A waje Kaka ya tarar da ni, fuskarsa fal da fara'a, ya ce, "Ka ga mutum mai kunya ko? Irin su sun ƙare a duniya." Ban taɓa jin ina son in ture tsoho ba sai ranar. Na ce masa, "Kunyar tasa ta cinye mini karatu, sai ka dafa ta mu ci." Ya ce in bar hauka, gwamnati ai ba ta ƙarewa, baɗi ma akwai. Mahaifina kuwa ya zura takalmansa ya bi ta bayan masu sayar da rake ya tafi, bai dubi inda nake ba.

Na daɗe ina juya maganar nan tasa, kuma yanzu na san a wajensa ba ƙarya ya yi ba. Yaron da ka ba ɗan'uwanka ya zama nasa, ba a karɓe shi, ko da baki ne, balle ƙasar kabarin Baffa ko bushewa ba ta gama yi ba. Ga suruki a zaune, ga jama'a, ga ɗan fari a tsaye yana kallon sa. Duk abin da aka koya masa tun yana yaro cewa shi ne mutunci, ranar aka tara masa a ɗaki ɗaya aka ce ya taka. Na gane wannan sarai, amma ganewar ba ta rage mini komai ba. A lokacin kam ko ganewar ban yi ba, na cika na yi fam.

Na sake tura ƙanwata ta gaya masa kwamiti na nan har ƙarshen mako. Ta dawo ta ce sandarsa kawai ya ɗauka ya bi shanu. Na shiga wajen mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kanta na ce ta yi masa magana. Ta buɗe tukunya ta rufe, ta sake buɗewa. Na ga hawaye yana ɗiga a kan murfin. Kullum da safe sai in yi wanka in sa kaya in zauna a ƙofar gida inda zai gan ni, shi kuma ya fito ya wuce ta gabana ya nufi garke. Haka makon ya ƙare.

Na koma jami'a duk da haka, don na kasa yarda abin ya ƙare. Wani ɗan Daura da muka yi sakandare tare ya ba ni gefen katifarsa. Ina shiga lacca ina rubutu kamar kowa, har malamai suka fara sanin fuskata, wani ma ya yaba mini a gaban aji a kan wata tambaya da na amsa game da ciwon hanta a tumaki. Na koma ofishin tallafi, suka ce sai abin da kwamiti ya aiko. Na je wajen wani attajirin garinmu na yini a zaure, aka ce ya yi tafiya, alhali ina jin muryarsa daga ciki. Ranar gwajin farko na shiga na zauna, mai tsaron jarrabawa ya bi layi yana duba katin rajista, da ya iso kaina na miƙe da kaina tun kafin ya yi magana. Na bar biro na a kan tebur, ban ma tuna da shi ba sai a tasha.

Baɗin da Kaka ya yi mini alkawari ta zo ta same ni ina bin garke-garke da jakar allura, ina yi wa shanun mutane rigakafi. Gurbin ya riga ya tafi, sai dai in sake nema daga farko, ga ƙanne sun taso, ga ƙafar mahaifina ta fara ba shi wahala. Na ce sai wata shekarar, wata shekarar ma na ce sai wata. Yanzu ina da ɗan shagon maganin dabbobi kusa da kara. Ba na kwana da yunwa, alhamdu lillahi, amma ba abin da na so ke nan ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa zan koma. Wanda ya ba ni gefen katifa yanzu shi ake kira in annoba ta shiga shanu, ni kuma in riƙe masa igiya.

Bayan dawowata na ɗauki gaba da mahaifina. Abin takaicin shi ne babu wanda ya lura, don da ma ba magana muke yi ba. Gaisuwar safe ce kawai na mayar da ita gajeriya, ban ma tabbata shi ya ji bambancin ba.

Sai bayan damina na koma sakatariya karɓo takarduna da suka rage a wajensu. A bakin ƙofa maigadi, wani tsoho mai jan haƙoran goro, ya tsare ni da ido.

"Kai ba kai ne yaron nan ba, wanda tsohonsa ya durƙusa a bakin ƙofa?"

Na ce ni ne, ina shirin wucewa, don na gaji da masu tuna mini.

"Ai ya dawo."

Na tsaya.

"Wa ya dawo?"

"Tsohon naka. Washegarin tashinsu ya zo, shi kaɗai, da farar rigar nan tasa. A ƙasa ma ya zo, ƙafarsa duk ƙura. Na ce masa ai sun wuce Dutsi tun jiya. Ya tsaya nan inda kake tsaye, ya daɗe, har na ce ko ba shi da lafiya ne. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ga ba kowa, sai ya matso ya ce mini, 'Yaron nan na ranar nan, ɗana ne. Ni na haife shi. In sun dawo ka faɗa masu.' Har sunanka ya faɗa. Na ce masa, Baba, ni maigadi ne fa. Ya ce, 'Ka dai faɗa masu.' To, ba su dawo ba."

Na lissafa a raina, na tuna ranar Kaka ya tafi ta'aziyya Daura. Wato jira ya yi surukinsa ya bar gari. Na zauna a kan bencin maigadin. Na ce ya sake faɗa mini yadda ya ce, ya sake. Na ce sunan fa, yaya ya faɗe shi? Ya faɗa, kuma daidai ne, sunana na yanka, wanda ko a makaranta ba a cika kira na da shi ba.

Da na koma gida na wuce garke kai tsaye. Na same shi yana cire wa wata saniya kaska. Na tsaya a bayansa, bakina cike da magana, ban san ta inda zan fara ba. Ya san ina wajen. Bai juyo ba, ya dubi sama ya ce, "Wai babu mai ba maraƙin nan ruwa ne?" Na ɗauki bokiti na tafi rijiya.

Har ya rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ni na yi masa wanka tare da liman, ni na shiga kabarin na karɓe shi, amma kunnena bai taɓa jin abin da maigadi ya ji ba. Abin da na koma yi shi ne, duk ranar da hanya ta bi da ni ta sakatariya sai in sayi goro in tsaya wajen tsohon nan, mu gaisa, mu yi zancen damina da tsadar hatsi, daga nan in ce, "Baba, yaya ma ya ce maka ranar nan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka gajiya," ya gyara zama ya maimaita. Da tsufa ya kama shi sai ya fara canza maganar, wata rana ya ƙara, wata rana ya rage, har ni nake gyara masa.

Bara na je da gorona na tarar da wani saurayi a kan bencin. Na tambayi tsohon, ya ce ai ya kwana biyu da rasuwa, ko akwai saƙo? Na ce babu. Na ba shi goron na hau babur na koma shago.